Darasi: Yadda Power BI zai riƙa fitar maka da bayanai da kansa kowace safiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Kowa ya san hanyar da aka saba fitar da bayanai daga Power BI, manhajar Microsoft ta haɗa rahoto: ka je kan teburin da ke cikin rahoto, ka danna ɗigo ukun nan na kusurwa, ka zaɓi Export data. Sau ɗaya ba komai. Amma in oga yana son fayil ɗin kullum ƙarfe bakwai na safe, ka zama bawan ɗigo uku ke nan. Ga shi fayil ɗin CSV, wato tebur a rubutu zalla, ba ya wuce layi 30,000, Excel kuma 150,000. To yau Power Automate, manhajar Microsoft mai gudanar da aiki da kanta, za mu ɗora wa wannan wahalar.

Ga rahotona a buɗe a Power BI Desktop, wato manhajar da ke kan kwamfuta. Na ɗauka kun riga kun wallafa naku a Power BI na intanet, ba zan koma kan wannan ba. Ku shiga View... a'a, afuwan, yana ƙarƙashin Optimize yanzu, hannuna ne ya saba da tsohon wurin. Ku danna Performance analyzer, mai nuna abin da rahoto ke yi a bayan fage, sai Start recording. Ni ba na danna Refresh visuals, don duk abin da ke shafin zai zubo ya cika min ido. Ku kai linzami kan teburin, akwai wata 'yar alama da ke fitowa a samansa, ita kaɗai za ku danna. Ku buɗe sakamakon, Copy query, a zuba a Notepad.

Wannan rubutun DAX ne, wato yaren lissafin Power BI, ita ce ainihin tambayar da teburin yake aika wa rumbun bayanai duk lokacin da aka buɗe shi. Yanzu ku natsu, nan ne ramin. Kun ga inda aka rubuta TOPN, da 501 a gabansa? Ma'anarsa a kawo layi ɗari biyar da ɗaya na farko kawai. Dalili, tebur ba ya ɗauko komai lokaci guda, sai kana gangarawa ƙasa yake ƙara roƙo. Shi kuwa Power Automate ba ya gangarawa. Abin da ka ba shi, shi zai kawo, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba, koriyar alama zai nuna maka lafiya lau. Ni nan na yi mako biyu ina tura wa wani ofis fayil mai layi 501, alhali ya kamata ya haura dubu takwas, sai da mai lissafinsu ya kira ni yana tambayar ina sauran cinikin ya shiga. Wallahi ranar gumi na yi.

Gyaran ba wuya. Ku sauko inda aka rubuta EVALUATE. Sunan da ke ƙasansa, mai ƙarewa da PrimaryWindowed, ku goge shi, ku sa wanda ya ƙare da DS0Core. Ku kwafo shi daga sama, kada ku buga da hannu, don 'yan layukan da ke farkonsa biyu ne ba ɗaya ba, kuma sifili ne a tsakiya ba harafin O ba. Na maimaita: sifili ne.

Af, na manta. Tun kafin ku danna Copy query, ku kashe layin jimla na teburin, in ba haka ba zai shigo cikin fayil ɗin kamar sauran layuka, lissafi ya ninka. Sannan duk abin da kuka tace ya daskare a cikin rubutun, za ku gan shi a wajen TREATAS. In watan Maris kuka zaɓa, Maris zai riƙa turowa har abada. Yadda ake mayar da shi ya bi kwanan wata yana cikin cikakken kwas ɗina, mahaɗin yana ƙasan bidiyon nan ga mai so.

Mu tsallaka Power Automate. Ku zaɓi Scheduled cloud flow, wato aikin da ke tashi da kansa a kan lokaci, kullum sau ɗaya. Ku saita agogon yankinku, don shi da UTC, wato agogon GMT, yake aiki, kuma ku ba shi tazara bayan lokacin da bayananku ke sabuntawa. Sai ku ƙara matakin Run a query against a dataset, mai aika tambaya ga rumbun bayanan rahoton. Tun 2023 Microsoft ta sauya wa dataset suna zuwa semantic model, abu ɗaya ne, kada ya ruɗa ku. A zuba rubutun DAX ɗin da muka gyara. A kunna Nulls included, don in gurbi babu komai, yakan watsar da shi gaba ɗaya. Create CSV table, a ba shi First table rows, sai Create file a SharePoint ko OneDrive, ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet. Ni ina liƙa kwanan wata a sunan fayil, don kada na yau ya danne na jiya.

Shi ma fa matakin Run a query yana da iyakarsa: layi 100,000 ko gurbi miliyan ɗaya, duk wanda aka fara cimma. Tebur mai ginshiƙi 20, a layi 50,000 zai tsaya. In kuma ya ƙi tashi sam, ko dai ba ku da izinin Build, wato izinin aiki da rumbun bayanan, ko mai kula da tsarin bai kunna Execute Queries ba, sai ku lallaɓa shi.

Bari mu danna Test mu gani. Yauwa, ga fayil ya faɗo. In buɗe, in gangara can ƙasa... mun wuce 501, alhamdulillahi. Kun ga yadda Excel ya hargitsa ƙ da ɗ a sunayen nan? Wata 'yar alama ce ta UTF-8, tsarin rubuta haruffa, ya rasa a farkon fayil, da ita za mu fara a bidiyo na gaba. Sai mun haɗu.