Sanƙarau ya biyo mu har nan Birtaniya, asusu kuma babu ko sisi

Alhaji shugaba ka ce minti biyar, to ka yi haƙuri yau sai na wuce, in ka ga dama ka ci ni tara, tarar ma a zuba ta a asusun walwala tunda dai ba komai a cikinsa.

Kowa ya ji halin da ɗan uwanmu yake ciki, ba sai na kama suna ba. Yaron nan nasa da muka yi wa walimar samun jami'a a wannan zauren, ko zango ɗaya bai gama ba sanƙarau ya kayar da shi. Da daddare ya ce wa abokan zamansa kansa na sarawa, suka ɗauka murar nan ce da ke kama sababbin ɗalibai, ya sha farasitamol ya ja bargo, kafin azahar ɗin washegari an sa masa na'urar numfashi. Alhamdu lillahi ya farfaɗo har ya gane mahaifiyarsa, amma likitoci suna maganar kunne ɗaya da yatsun ƙafa. Uban tasi yake ja, kun kuma san tasi, ranar da ba ka fita ba ranar ba ka da ko kwabo. Motar na nan ajiye, uwar a kan kujerar asibiti take kwana, shi yana biyan ɗaki a can ga hayar gida tana jiransa a nan. Na je wajen Hajiya ma'aji in karɓi abin da dokarmu ta ce a ba wanda aka kwantar, ba ta ce min komai ba, littafin kawai ta buɗe ta turo min. Kuɗin wata fam 10 ne fa, jama'a. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin korona, kuma shi ne na farko a layin shinkafa ranar sallah.

Amma ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba, abin da na karanta a guruf ɗinmu na WhatsApp ne. Wani ya ce ashe akwai sanƙarau a Turai, wata ta ce a duba dai ko hannun mutane ne, wani kuma ya turo odiyo wai allurar da ake yi wa yara a makaranta ce ke kawo shi. Haba. Mu da muka fito daga tsakiyar inda cutar nan ta fi yin ɓarna a duk duniya, mu ne za a zauna ana yi wa bayaninta? Ni aikina ke nan, a ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta nake cin abinci, a Samaru na yi karatu, don haka ku bar ni in faɗa muku wani abu da yawancinmu ba su sani ba: kaso mai tsoka na ilimin da duniya ke taƙama da shi a kan sanƙarau, a Zariya aka samo shi, a jikin 'ya'yanmu da ƙannenmu.

Akwai wani Bature, Brian Greenwood, yanzu ya tsufa, a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan ya ƙarasa aikinsa, 2012 aka ba shi muƙamin Sir. Yana saurayin likita ya tafi Ibadan a 1965, a 1970 ya dawo Zariya lokacin ana kafa tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekara 10 a can. Ba wannan katafaren asibitin na Shika ba fa, tsohon na Tudun Wada. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san yadda abin yake, hunturu ya wuce, bazara ta kankama, iska ta bushe ƙarƙaf, sai ka ji an ce sanƙarau ya shigo unguwa kaza, a hana yara kwana a cunkushe, a fito da tabarmi tsakar gida. Ruwan farko na sauka kuma sai ya ɗauke ɗif. Mu mun saba, mun ɗauka haka Allah ya tsara shekara. Shi ya ce a'a sai ya san dalili. Shi da abokan aikinsa suka shiga ƙauyukan Malumfashi suna lakato majinar maƙogwaron mutane da auduga, rani da damina, suka tarar ƙwayar tana nan zaune a maƙogwaron masu lafiya garau ko da damina, ba inda take zuwa. Ke nan abin da ke canzawa ba zuwanta ba ne, samun ƙofar shiga jini ne, suka ce ga alama bushewar iska da ƙura ne ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro har ta kutsa. To ku riƙe wannan, kusan mutum 1 cikin 10 yana yawo da ita bai sani ba, a cikin samari da 'yan mata masu shekarun shiga jami'a ma ya fi haka. Ba wanda ya yi wa yaron nan asiri. Wani lafiyayye ne ya yi tari kusa da shi ko suka sha abu a kwalba ɗaya.

A Zariyar ne dai suka gano cewa zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da garkuwar jikin yaro, har in aka yi masa rigakafin sanƙarau bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba jikinsa ba ya amsawa yadda ya kamata. Da annobar 1977 ta cika asibitin maƙil, aka rasa hannun da zai bi marasa lafiya da allura sau huɗu a rana, a nan aka gwada allura guda tak mai mai a ciki wadda ke daɗewa a jiki tana aiki, kuma da ita aka yi ta ceton rayuka a ƙauyukan Afirka shekara da shekaru. Sunan farko a kan takardar wannan binciken na ɗan Kano ne, Sadiq Wali. Ina faɗa ina jin daɗi wallahi. Da fankar da ba kullum take juyawa ba aka yi aikin nan.

Mutane sun ba da shekarunsu, mu fam 10 ta gagare mu. Bari dai in ci gaba.

Me ya sa wani ke ɗauke da ƙwayar lafiya lau wani kuma ta kayar da shi cikin kwana ɗaya? Wannan a Amurka aka warware shi a 1969, wani mai bincike Emil Gotschlich da abokansa a cibiyar binciken sojoji ta Walter Reed. Kuratan soja ne cutar ke yi wa ɗauki ɗai-ɗai a barikin horo, sai suka riƙa ɗibar jinin kowa ranar da ya iso suna ajiyewa, wanda ya kwanta daga baya a ciro nasa a duba, sai aka ga kusan dukkansu jininsu ba shi da sinadarin garkuwar da ke kashe wannan ƙwayar. Jariri yana zuwa da na uwarsa, bayan 'yan watanni ya ƙare, shi ya sa ƙananan yara suka fi shiga haɗari. Ku duba barikin nan, matasa daga gari daban-daban an tara su gini ɗaya, kowa ya zo da irin ƙwayar garinsu, ai ɗakunan kwanan jami'a ke nan sak. Ita ƙwayar wata riga ce ta sukari take lulluɓa da ita don kada jiki ya gane ta, da wannan rigar Gotschlich ya haɗa rigakafin farko, kuma da ita ake raba su iri-iri, A da B da C da W da X da Y. Rigakafin wani iri ba ya tare wani. Wannan shi ne abin da iyaye ba sa ganewa, a ce ai an yi masa, to wanne aka yi masa?

Waccan tsohuwar allurar ta taimaka amma tana da rauni, ba ta kama jarirai sosai, ƙarfinta na sauka bayan 'yan shekaru, ba ta kuma kore ƙwayar daga maƙogwaro. Sai cuta ta ɓarke a taho da ita a guje kamar 'yan kwana-kwana, kafin a iso an yi ta'asa. Haka 1996 ta same mu. Wanda ya kai shekara 40 a ɗakin nan ya tuna, Najeriya kaɗai mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Mu a layinmu sai da aka daina tambayar gidan wa, ana idar da sallar wannan gawa ana shigo da wata.

Na san abin da Baba yake so ya ce, na ga ya ɗaga hannu, maganar Pfizer a Kano. Baba ban manta ba, ba kuma zan ce kowa ya manta ba. A wannan shekarar kamfanin ya yi gwajin wani magani Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma maganin sha ne aka gwada a kan waɗanda sun riga sun kamu, ba rigakafi ba ne. Kuma cikin waɗanda suka tashi tsaye suka ce a dakata akwai Farfesa Idris Mohammed, masanin garkuwar jiki, namu ne, shi ke jagorantar yaƙi da annobar a lokacin, kuma shi ɗin dai tun shekarun baya yake bin garuruwan Bauchi yana nuna cewa rigakafi na tare sanƙarau. Mutumin da ya tsaya mana a kan Trovan bai taɓa cewa a guji allura ba.

Bayan 1996 ne ƙasashenmu suka ce a yi mana wadda za ta dore kuma talaka zai iya saya. Aka ɗaure sukarin nan da wani furotin yadda jiki zai riƙa tunawa, kamfanin Serum na Indiya ya yi ta a kan ƙasa da rabin dala, aka sa mata MenAfriVac. Disambar 2010 aka fara a Burkina Faso, sai Mali da Nijar, Najeriya 2011. Greenwood ɗin nan dai, ga furfura, ya jagoranci tawagar da ta bi sawunta, a Chadi suka ga cutar ta ragu da kashi 94 cikin 100 inda aka yi allurar, ƙwayar A kuma ta kusa ɓacewa daga maƙogwaron mutane. Irin A da ya addabi kakanninmu tun 1905 yanzu sai labari. Sai dai C ya taso, 'yan uwanmu na Nijar sun tuna Yamai a 2015, 'yan Zamfara da Sakkwato sun tuna 2017, sama da mutum 1,000 suka rasu. A 2024 Najeriya ce ta fara amfani da sabuwa mai tare iri biyar kafin kowace ƙasa. A can mata na bin layi cikin rana da goyo don su samu, mu nan kyauta ce, har gida ake aiko takarda, muna jefawa a shara.

Don haka iyaye mata ku ji, don ku ne ke riƙe da jan littafin nan na rigakafin yara. Yau in kun koma ku buɗe shi. Allurar ACWY, mai tare iri A da C da W da Y, a sakandare ake yi wajen shekara 14, wanda ta wuce shi, ko aka kawo shi daga gida da girmansa, GP, wato likitanku na unguwa, zai yi masa kyauta har ya cika 25. Ta B a 2015 aka fara yi wa jarirai, ke nan manyan yaranmu ba su samu ba, ku tambayi likita ko kemis. Mai sikila a gida ya faɗa wa likita musamman, don saifarsu ba ta aiki sosai. Masu shirin Hajji kun san Saudiyya ba ta karɓarku sai da shaidar ACWY, to wannan ba ku yi mata gardama, kuma masu kai yara gida hutun Ista ku tuna tsakiyar bazara za ku sauka. In yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai da amai, wuya ya ƙage, haske na damunsa, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ko jariri maɗigarsa ta kumbura yana kuka wani iri, kar ku tsaya jiran ƙuraje. A fatarmu ba sa fitowa ɓaro-ɓaro, sai an duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido, a danna tambulan a kai, in ba su dusashe ba to ku kira lambar gaggawa 999 nan take. Ba guruf ba, ba ni ba, 999. A yi tofin a cikin motar asibiti.

Sauran rahoto a gurguje. Mun je barkar haihuwa, mun je ta'aziyya, makarantar allo ta Asabar tana nan amma malam ya ce iyaye na makara wajen ɗaukar yara, kuɗin zaure an ƙara mana, kujerun da aka ara lokacin suna har yau ba su dawo ba, wanda suke garejinsa ya san kansa. Shi ke nan.

Alhaji shugaba ina neman izini kar a buɗe kulolin abinci sai Hajiya ma'aji ta zagaya. Ba za a kira sunan kowa ba yau, amma wata mai zuwa ni da bakina zan karanta. Mai bashin shekara ya ba da ko rabi, wanda ba shi da tsaba ga lambar asusu nan a allo, wanda da gaske ba shi da hali ya same ni a gefe ba mai ji. Ina kuma neman mutum biyu masu mota da za su kai ƙannen yaron su ga yayansu ranar Lahadi, da mace ɗaya da za ta karɓi uwar ko na dare ɗaya ne ta samu ta miƙe bayanta a kan gado. Wa zai fara? Yawwa Malam, na gan ka, Allah ya saka. Saura ɗaya.