Amsoshin Tambayoyinku: Dashen Itatuwa, Sola da Shara a Makarantu

Toh jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Jos. Saƙonninku sun taru sosai kan maganar gyaran muhalli a manyan makarantu, bari mu ɗauki wanda lokaci zai bari.

Na farko daga wata ɗaliba ce a Unguwar Rogo, tace ƙungiyarsu ta dasa itatuwa a bakin hostel bara ranar muhalli ta duniya, yanzu kusan duk sun bushe, wai ina kuskuren yake?

Ƙanwata a lokaci kam ba ku yi kuskure ba, 5 ga watan Yuni damina ta kankama a Jos, ƙasa na da danshi. Inda ake samun matsala shine daga Oktoba, ruwa ya ɗauke hunturu ya shigo, ga awaki ga gara ga masu cinna wa ciyawa wuta, ku kuma kun tafi hutu ko an shiga yajin aiki, toh wa zai ba shukar ruwa? Wallahi abin nan yana damuna, a zo da manyan baƙi a ɗauki hoto a dasa ɗaruruwa, a watse ba a ce wane kai ne mai wannan ba. Ku rage yawan, ko ashirin ne, kowace bishiya a san mai ita. Ku je wajen baba mai gadi da iyayenmu mata masu shara, su ne basa barin makaranta, ku haɗa musu ɗan na goro duk wata su riƙa zuba ruwa. A kewaye da ƙaya ko tsohon kwando, a zuba busasshiyar ciyawa a gindi don danshi ya daɗe, in ta tsallake rani biyu insha Allahu ta kama. Sannan ku zaɓi mai 'ya'ya, mangwaro, gwaiba, piya, don abin da za a ci baya rasa mai tsaro. Itacen turare da kuke gani birjik a filayen da aka haƙi kuza yana saurin girma amma akwai shan ruwa, kar a sa shi kusa da rijiya. Kwalejin gandun daji ta tarayya tana nan cikin garin nan tun 1958, ku je ku nemi shawara, aikinsu kenan.

Sai wani bawan Allah daga Bukuru, yace da gaske ne akwai jami'ar da ke aiki da hasken rana?

Da gaske ne malam. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara ta REA. Wannan aikin gwamnati ne mai kuɗi sosai, amma ɗalibai ma suna da nasu, ko fitilun sola na kan hanyar hostel in ƙurar hunturu ta rufe farantin wuta raguwa take, a goge da tsumma da ruwa, batir in ya fara mutuwa a kai rahoto da wuri.

Na ƙarshe, wani ɗan ajin farko yace ledar fiya wota ta cika musu kwata, su tara su ƙona?

A'a ƙanina dan Allah kar ku ƙona, hayaƙin leda guba ne, ga masu asma a cikinku. Ku ajiye buhu daban na leda da robar lemo, 'yan gwangwan suna sayen roba da kilo, kuɗin ko ba yawa zai sayi tsintsiya da shebur. Kuma ku yashe kwatar kafin ruwan Afrilu, in ta toshe sauro ne zai kwana da ku.

Lokaci ya cinye mu, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.