Hutun Shekara Guda Daga Aiki: Wa Ke Samunsa, Kuma Ina Yake Ƙarewa?

Rabi: Assalamu alaikum, masu sauraronmu, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu tattauna a kan dogon hutun da ma'aikaci kan ɗauka, na watanni ko na shekara guda, ya ajiye aiki ba tare da ya rabu da shi ba, ya yi tafiya, sannan ya dawo da sabon ƙarfi. Tare da ni akwai Dakta Kabiru, malamin jami'a a Kano, da kuma Hajiya Mariyama, mutuniyar Damagaram, wadda ta daɗe tana kula da al'amuran ma'aikata kafin ta yi ritaya. Dakta, da kai zan fara, tunda ku malaman jami'a ne aka fi sani da wannan hutu.

Dakta Kabiru: Na gode, Malama Rabi. Gaskiya ne, mu aka fi sani da shi, kuma a tsakaninmu sabatikal muke ce masa. Ƙa'idar ita ce, idan malami ya yi shekara shida yana aiki ba yankewa, kuma ya kai matakin manyan malamai, yana da damar neman hutun shekara guda, albashinsa na ci gaba da shiga. Tsarin ya samo asali ne daga Amurka, inda Jami'ar Harvard ta fara shi a 1880, tana ba malaminta shekara ta bakwai a kan rabin albashi. Manufar tun farko ita ce mutum ya nisanci aji da allo, ya je wani wuri ya yi karatu da bincike, ya ga yadda wasu suke yin nasu, domin ilimin da yake bai wa ɗalibai kada ya tsufa a hannunsa.

Hajiya Mariyama: Wannan ita ce manufar da ke rubuce, Dakta. Ka gaya wa masu sauraro abin da ke faruwa a zahiri, domin ina da 'yan'uwa a cikinku, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo daga wannan hutu fuskarsa ta nuna ya huta ba.

Dakta Kabiru: Ranki ya daɗe, kin taɓo inda ke ciwo. Abin da mafi yawanmu suke yi shi ne, su nemi wata jami'a ta ɗauke su koyarwa na wannan shekara, sai albashi ya zama biyu. Hanyar ta ƙara buɗewa ne tun lokacin da gwamnatin tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara a 2011, irin su na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, ta ƙara uku a 2013 a Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Sabuwar jami'a tana buƙatar farfesoshi da manyan malamai kafin hukumar kula da jami'o'i ta amince da kwasa-kwasanta, kuma ba a samar da farfesa a dare ɗaya, saboda haka sai a aro daga tsofaffin. Za ki ga malami ya yi sammako ranar Litinin ya nufi tasha, ya shiga motar haya da jakar takardu a kan cinyarsa, ya yi kwana uku ko huɗu yana koyar da aji mai cunkoso, ya dawo ranar Alhamis da daddare da ƙullin takardun jarrabawa da zai duba. Duk da haka ɗalibansa na digiri na biyu da na uku a tsohon sashensa ba su daina kiran wayarsa ba, domin ba wanda ya karɓe su daga hannunsa. Wannan shi ne hutun jaki da kaya a ka.

Rabi: To amma Dakta, ai ba za a ga laifinsu ba, idan aka dubi yadda rayuwa ta yi tsada.

Dakta Kabiru: Ban ga laifin kowa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin 2023, albashi ɗaya ba ya kai mai iyali ƙarshen wata. Da albashin sabatikal ne da yawa suka yi rufin gida ko suka aurar da 'ya'ya. Abin da nake cewa kawai shi ne, kada mu kira wannan hutu, kuma kada jami'a ta yi mamaki idan malamin ya dawo a gajiye fiye da yadda ya tafi.

Rabi: Hajiya, wanda ba malamin jami'a ba fa, kamar ma'aikacin banki ko ma'aikaciyar jinya, wace dama yake da ita?

Hajiya Mariyama: 'Yata, damarsa kaɗan ce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutu mai albashi ga wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki, kuma manyan ma'aikatan gwamnati kan samu kwana 30 a shekara. Abin da ya wuce haka, sai dai mutum ya nemi hutu ba albashi, wanda kuma alfarma ce, shugabansa yana iya amincewa, yana iya ƙi. A Faransa, inda na zauna na wani lokaci, abin yana cikin doka. Ma'aikacin da ya yi wata 36 a kamfaninsa, kuma ya yi shekara shida yana aiki gaba ɗaya, yana iya ɗaukar hutun wata shida zuwa goma sha ɗaya. Ba a biyansa ko sisi a wannan lokaci, amma doka ta tilasta a mayar da shi kan aikinsa ko makamancinsa, da albashin da bai gaza na da ba. Wannan tabbaci na komawa shi ne ginshiƙin abin, domin wanda yake tsoron ya dawo ya tarar an ɗora wani a kujerarsa, ko ina ya je hankalinsa yana ofis.

Dakta Kabiru: Akwai kuma batun fansho, Hajiya, wanda mutane kan manta.

Hajiya Mariyama: Ƙwarai kuwa. A tsarin fanshon Najeriya na dokar 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusunsa kowane wata. Duk watan da ba albashi, ba abin da zai shiga asusun. Saboda haka wanda zai tafi hutun wata shida ba albashi, bayan kuɗin tafiya da na cefanen gida da na makarantar yara da zai tanada, sai ya sa wannan giɓi a lissafinsa. Ni shawarar da nake bayarwa ita ce, a biya kuɗin haya da na makaranta tun kafin a ɗaure kaya, a kuma ware abin da za a ci a watan farko bayan dawowa, domin albashi ba lallai ya dawo a ranar da mutum ya dawo ba.

Rabi: Wani zai ce, idan hutawa ake nema, me ya kawo tafiya da kashe kuɗi? Mutum ya zauna a gidansa mana.

Hajiya Mariyama: Wanda ya faɗi haka bai san mutanenmu ba. Ranar da dangi suka ji cewa ba ka zuwa aiki, ranar ka zama wakilin kowa. Kai ne za ka karɓi auren wance, kai ne za ka raka mara lafiya asibiti, kai ne za ka je ƙauye sasanta rikicin gona, kuma ba za ka iya cewa a'a ba, tunda kowa ya san ba ka da uzuri. Zumunci ibada ne, ban musa ba, amma ba hutu ba ne. Ga kuma maƙwabta da za su fara raɗa cewa korarsa aka yi yana ɓoyewa. Mace kuwa nata ya fi nauyi, domin idan ta bar ofis ta zauna a gida, aikin gida ne zai cinye hutun baki ɗaya, kuma tafiyarta sai da yardar maigida da shirin wanda zai riƙe yara.

Dakta Kabiru: Bincike ma ya goyi bayan Hajiya. An wallafa wani nazari a 2010 a kan malaman jami'a na Amurka da Isra'ila da New Zealand, aka kwatanta waɗanda suka tafi sabatikal da takwarorinsu da suka ci gaba da aiki. Waɗanda suka tafi sun samu sauƙin damuwa, amma waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda suka bar ƙasarsu, suka kuma yanke hulɗa da harkokin ofis. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta bayyana irin gajiyar nan da ke sa mutum ya tsani aikinsa, ƙwazonsa ya ragu, a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa. Irin wannan gajiya barcin Asabar da Lahadi ba ya maganinta.

Rabi: Ke nan sai mai kuɗin zuwa Turai ne zai huta?

Dakta Kabiru: A'a, abin da ake nema shi ne nisa da wayar ofis, ba nisan jirgi ba. Na taɓa zama a Yankari, a jihar Bauchi. Da sassafe kafin baƙi su taso, sai in gangara maɓuɓɓugar Wikki, ruwan garai-garai har ana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa yana wajen digiri 31 ko da sanyi ko da zafi. Abin da ke damun mutum a wurin bai wuce birai ba, waɗanda idan ka ajiye ledar burodi ka juya baya, sai dai ka hango ta a kan bishiya. Akwai kuma tsaunin Mambila a Taraba, inda ake noman ganyen shayi, mutumin Kano ya kwana da bargo a watan da ake zufa a gida.

Hajiya Mariyama: Ni kuma ina gayyatar 'yan'uwanmu na Najeriya su tsallako. Bakano da yawa ya je Dubai amma bai taɓa ganin Damagaram ba, alhali kusa take, kuma ita ce hedikwatar Nijar har zuwa 1926 kafin a mayar da ita Yamai. Ya zo ya zaga unguwar Birni, ya ga fadar Sarki da gidajen ƙasa masu zane a fuskarsu. Idan hanya ta yi kyau ya wuce Agadas, ya ga hasumiyar masallacinta ta laka mai tsawon mita 27, a tsohon garin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Sai dai a yi tambaya kafin a kama hanya, domin Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma yanayin iyaka da na tsaro yana sauyawa. A tafi da cikakkun takardu, a yi tafiyar rana, a kuma sauka wurin wanda ya san gari.

Rabi: Hajiya, idan mai sauraro ya ƙudurta zai nemi irin wannan hutu, ta ina zai tunkari shugabansa?

Hajiya Mariyama: Kada ya je da kukan gajiya kawai, domin shugaban ma a gajiye yake. Ya je da watanni a gaba, ya zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi, ya nuna wanda zai riƙe masa, ya kuma koya wa wannan mutum aikin sosai yadda ba sai an kira shi ba. Sannan duk abin da aka amince da shi ya kasance a rubuce, da ranar tafiya, da ranar dawowa, da muƙamin da zai koma, da sa hannu da hatimi. Na sha ganin wanda shugabansa ya ce masa ya je babu komai, kafin ya dawo an yi wa shugaban canjin wurin aiki, sabon ya buɗe fayil bai ga takarda ba, ya rubuta cewa ma'aikacin ya gudu daga aiki.

Rabi: Allah ya kiyaye. Dakta, Hajiya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, a nan za mu dakata, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.