Ranar da tsire ya tsaya mini a ƙirji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Manchasta. Ku yi haƙuri da muryata, jiya aka sake zura mini kyamara ta baki, maƙogwaron bai gama sakewa ba.

Na yi shekaru ba na cin abinci sai da kofin ruwa a gefe. Loma ɗaya, kurɓi ɗaya. A gida kowa cewa yake olsa ce, ni ma na yarda. Sai ranar sunan ɗan abokina, yanka ɗaya na tsire ya tsaya mini cak a nan, kun ga inda na dafa, tsakiyar ƙirji. Ko yawu ya ƙi wucewa, sai tofarwa nake a leda har muka isa asibiti.

Bayan an ciro naman, likita ta ɗan tsakuro fatar bututun abinci wuri shida, sama da ƙasa. Ta nuna mini hoton, ciki ya yi zobe-zobe kamar tiyon injin ban-ruwa. Cutar EoE suke ce mata, wato wani nau'in kumburin bututun abinci. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, da aikinsu yaƙi da tsutsar ciki. A wurina sun yi dandazo a bututun, inda ba mazauninsu ba, suna kumbura shi har ya tsuke. In aka ƙirga 15 ko fiye a leƙe ɗaya na madubin gwaji, to ita ce. Gwajin jini kaɗai ba ya kama ta, shi ya sa na daɗe ina shan wahala.

Da likitar ta ji a Kano na tashi, sai da ta sa aka duba ni ko akwai tsutsa, tunda ita ma tana ƙara yawan waɗannan ƙwayoyi.

Omeprazole na sati takwas bai yi mini ba. Yanzu budesonide nake sha, maganin rage kumburi, ƙwaya ce da nake ɗorawa a harshe ta narke, in haɗiye a hankali, kuma ba ci ba sha sai bayan rabin awa. Akwai allurar dupilumab da Amurka ta amince da ita don wannan cutar a 2022, amma ban kai nan ba.

Abin da ya fi mini ciwo madara ce. Ita ta fi tayar da cutar, sai alkama da ƙwai. Ni da fura da nono, ai kun san zancen. Wata uku ke nan rabona da ita.

Don Allah, in kana da ɗan'uwa mai tauna abinci kamar ba zai gama ba, ko yaro mai gudun nama da burodi, kada a ce iyayi ne, a kai shi wurin likitan ciki. Sakamakon gwajin jiya zai fito nan da sati biyu, in Allah ya kai mu zan karanta muku shi a nan.