Wace manhaja za mu ɗauka don gyaran sautin karatu?

An gabatar da wannan lacca ga matasa masu naɗar tafsiri da wa'azi a Aboabo, Kumasi, aka rubuto ta daga faifan da aka ɗauka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa da ƙannena, tun da na shigo ake yi mini tambaya ɗaya: Malam, wace manhaja ta fi? Ni kuwa sai na ji sautin kafin in amsa, domin kowane sauti da irin cutarsa. Wani fankar masallaci ce ta cika shi da iska, wani janareta ne lokacin dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, wani kuma ƙugin nan mai "huuum" da ke biyo wayar lasifika. Shi wannan ƙugi daga lantarki yake. Wutar Gana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ake samunsa a maki 50 na ma'aunin kaɗawar sauti, kuma matatar sauti ta cikin manhaja da ke yanke wannan maki da ninkinsa, 100 da 150, tana cire shi murya ba ta taɓu sosai ba.

Mai kwamfuta ya fara da Audacity. Kyauta ce, tun shekarar 2000 ake amfani da ita, tana hawa Windows da Mac da Linux. Amma ku riƙe wannan: kafin ta rage ƙara, sai kun ba ta samfurin ƙarar zalla. Don haka idan kun kunna na'ura, ku roƙi mai jan baƙi ya dakata daƙiƙa biyar, ɗakin ya yi tsit, fanka tana juyawa. Wannan ɗan shirun shi za ku nuna mata. Kada kuma ku matsa hannu. In kun cika ragewa, muryar malam za ta koma kamar daga cikin randa yake magana.

Wanda Audacity ta yi wa yawan maɓallai, akwai Ocenaudio, ita ma kyauta, daga Barazil. Reaper ta fi dacewa da mai haɗa makirufo biyu ko uku, na malam daban, na alaramma daban; suna ba da kwana 60 na gwaji, lasisin mai ƙaramin aiki dala 60. Adobe Audition ƙwararriya ce, sai dai biyan wata-wata ake yi, ku lissafa da sidi, kuɗinmu na Gana, kafin ku sa hannu. Ga mai karatun azumi sau ɗaya a shekara, ban ga dalilinta ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Akwai sababbin manhajojin intanet da ake loda musu sauti su wanke shi da kansu. Na gwada wata da kaset ɗin wani malaminmu, Allah Ya jiƙansa, wanda iyalinsa suka ba ni amana. Sautin ya dawo fes, ba ƙara ko kaɗan. Da na sa abin kunne na saurara, jikina ya yi sanyi. Inda ya ce "ƙasa" ya koma "kasa", ainun ɗin ayar ta narke ta zama alifi, tarin da yake yi kafin ya fassara aya ya ɓace. Wannan ba muryar da muka zauna gabanta ba ce. Harafin Alƙur'ani kuwa ba abin da za a bar wa inji ya yi hasashe ba ne. In za ku yi amfani da irinsu, ku saurari kowace aya, ku gwada ta da ta asali.

Don haka asalin faifan ku ajiye shi a WAV, wato tsarin ajiye sauti da ba ya rage inganci, kada ku taɓa shi, ku yi aiki a kan kwafi. Minti ɗaya na WAV mai ingancin faifan CD yana cin wajen megabait 10, ya yi wa zaurukan WhatsApp nauyi. Sai an gama gyara ku fitar da MP3, sau ɗaya tak, domin duk maimaitawa tana rage inganci.

Wani ƙanena can baya ya ɗaga hannu kan sautin da ya fashe saboda malam ya ɗaga murya. Gaskiya, sautin da ya haura sifili a ma'aunin ƙarfin sauti ya yanke, gyaransa kame-kame ne. Gobe idan kun je, ku sa mai jan baƙi ya karanta aya ɗaya da cikakkiyar muryarsa, ku rage ƙarfin shiga har jan alamar nan ta ma'aunin ta daina fitowa, sannan a fara. Wanda ya zo da faifai a waya ya matso, mu buɗe shi a nan mu ji.