Tamanrasset a Lokacin Sanyi: Me Za a Sa a Jaka?

Habu: Assalamu alaikum, masu sauraro. Zainabu, Nasiru, tun da hotunan fitowar rana a saman dutsen Assekrem suka fara yawo a waya, saƙo ya hana mu sakat. Kowa yana son zuwa Tamanrasset, garin da ke cikin hamadar kudancin Aljeriya, a hutun ƙarshen shekara. Amma abin da ya ɗaure mini kai, cikin masu tambayar nan kusan babu wanda ya ambaci sanyi. Duk tambayar zafi ake yi.

Nasiru: To ai Yaya Habu, an ce hamada. Wa zai ji Sahara ya tuna da bargo?

Habu: Nan ake yin kuskuren. Garin kansa yana kan tudu, kusan mita 1,400 daga saman teku, ya ɗara Jos. Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Daga garin za ka hau cikin duwatsun Ahaggar zuwa Assekrem, sama da mita 2,700. Ƙa'idar ita ce, duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. A Disamba da Janairu, da rana kana tafiya da riga ɗaya kana gumi, rana na faɗuwa a can sama ma'auni na iya gangarowa ƙasa da sifili. Ruwan da ka bari a buta a waje, da asuba ka tarar da ƙanƙara a samansa.

Zainabu: Kuma iska ce ke ƙara abin. Saman Assekrem fili ne fetal, ba bishiya, ba abin da zai tare ka.

Habu: Shi ya sa kaya hawa uku ake sawa. Ta ciki mai dogon hannu wadda ke kama jiki, sai suwaita mai kauri, sai jaket mai tare iska a sama. Kada ta cikin ta zama ta auduga zalla, domin tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayanka. Hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa mai kauri guda biyu, ɗaya ta tafiya, ɗaya busasshiya da ba a taɓa ta sai lokacin barci. Jakar barci kuma, irin wadda ake shiga a ja zif, ka duba lambar da aka rubuta a jikinta, ta kai digiri 5 ƙasa da sifili. Ka sa katifar soso siririya a ƙasa, don dutse na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska.

Zainabu: Rawani ma, Malam. Ka saya a kasuwar garin. Buzaye ba don ado kaɗai suke naɗa shi ba, yana tare ƙura da rana da sanyin kunne. Sai man kaɗe ko basilin don leɓe da diddige, da tabarau mai duhu, don rana a tudu tana da kaifi ko da ba ka jin zafinta.

Nasiru: Ni dai in akwai shayi, an gama.

Zainabu: Wane shayin? Kai Bakano, shayin da ka sani shi ne wanda cokali ke tsayawa a ciki.

Nasiru: Mai kauri ke nan, Hajiya. Madara gwangwani guda, burodi mai yanka-yanka, ƙwai uku. Ku Damagarawa ku zauna awa biyu kuna fifita gawayi don ɗan kofin da bai kai kurɓi biyu ba.

Zainabu: Kurɓi biyun nan sau uku ake yi. Na farko, na biyu, na uku, kuma ba a tashi sai an kammala. Ka sha na farko ka miƙe, ka ɓata wa mai masauki rai.

Nasiru: To in na zo da madarata a aljihu fa?

Zainabu: Ka zuba madara a shayin Buzu? A bar ka a kan dutsen ke nan.

Nasiru: Kumfar fa? Me ya sa sai an ɗaga buta sama ana tsiyayawa ana mayarwa?

Zainabu: Don sukari ya narke, shayin ya huce daidai baki, kumfa ta tashi. Kofin da ba kumfa ai ba a miƙa wa baƙo.

Nasiru: Mai shayinmu ma yana ɗagawa, har ya fi nasu nisa.

Habu: Ku bar wasan Kanawa da Damagarawa haka, ba ya ƙarewa. Amma tun da kun kawo wuta, ga magana mai nauyi. Kada wanda ya shiga da kaskon gawayi cikin tanti ko ɗaki ya rufe ƙofa don jin ɗumi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi. A sha ɗumi a waje, a kashe wuta, a shiga jaka. Sannan a wannan tsayin ruwa na tafasa tun yana wajen digiri 91, don haka shinkafa da wake suna daɗewa ba su nuna ba. Taliya da miya sun fi sauƙi, ko tagella, gurasar da jagorori ke binnewa cikin yashi da toka mai zafi.

Nasiru: Tsayin kansa yana wahalarwa?

Habu: Daga mita 2,500 wasu ke fara jin ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Maganinsa kada ka sauka daga jirgi yau ka hau Assekrem gobe da sassafe. Ka kwana biyu a gari tukuna. Ka je ka ga ganuwar da Charles de Foucauld, wani limamin Kirista ɗan Faransa, ya gina, inda aka kashe shi a 1916, ka zaga kasuwa, inda za ka ji Hausa na tashi, ko ka je Abalessa, wajen kilomita 80 yamma, ka ga kushewar Tin Hinan, sarauniyar da Buzaye ke ɗauka kakarsu. Ruwan sha lita 4 a rana ga kowane mutum, ban da na girki da alwala. Sanyi na ɓoye ƙishirwa, iskar kuma busasshiya ce, sai ka bushe ba ka sani ba. In ciwon kai ya ƙi sauka, ko mutum ya fara tangaɗi ko numfashi da ƙyar yana zaune, a sauko da shi a lokacin, ko da dare ne. Kuma don Allah, mai sikila kada ya shirya wannan tafiya sai ya zauna da likitansa. Ƙarancin iska da sanyi da bushewar jiki, su ukun nan ne ke tayar da ciwon. Ko mai AS ya faɗa wa likita, don tsayi na iya taɓa saifa.

Zainabu: Wannan ya shafe mu ƙwarai, kusan kowace zuri'a akwai.

Habu: Sai hanya. Daga gari zuwa Assekrem kilomita 80 ne ko ɗan fi, amma ka ware awa 3 zuwa 4, domin duwatsu ne masu kaifi da ke yanka gefen taya. Mota mai jan ƙafa huɗu, tayoyin safaya biyu, jak, famfon iska, shebur, igiya, da jarkar mai, don ba gidan mai bayan ka bar gari, sabis ɗin waya ma yana ɗaukewa. A tsaya a Afilal a ga tafkin cikin dutse, a isa masauki kafin la'asar. Daga masaukin za ka taka kamar minti 20 zuwa ɗakin ibadar da Foucauld ya gina a 1911, can ake kallon faɗuwar rana. Da asuba a sake hawa, da tocila ta goshi, hannu biyu a sake. Waya da fawa bank su kwana cikin jakar barci, in ba haka ba sanyi ya cinye cajin kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya.

Nasiru: Masu son hawa dutsen Tahat fa?

Habu: Mita 2,908, shi ne mafi tsayi a Aljeriya. Wannan tafiyar ƙafa ce ta kwanaki, raƙuma na ɗauke da kaya. Sai da takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, sabo zai yi maka bororo tun ranar farko. A zazzage takalmi kowace safiya saboda kunama. Kuma ba a kafa tanti a cikin busasshiyar ƙorama, ko da yashinta ya fi laushi, don ruwa na iya sauka a dutse mai nisa ya iso ka sama tana garau.

Zainabu: Wasu sun tambaya ko za su bi ta Agadas da Arlit zuwa Assamaka su tsallaka iyaka su shiga In Guezzam ta Aljeriya.

Habu: A'a. Wannan ba hanyar hutu ba ce, rayuka nawa suka salwanta a cikinta. Jirgi ake hawa daga Aljas, babban birnin Aljeriya, kamar awa biyu da rabi. Baƙo kuma ba ya fita daji shi kaɗai, sai ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, su ne ke shirya takardu da jagora, don haka da su za ka fara magana tun kafin biza. Kada ka sa jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto a kayanka, ko madubin hangen nesa, ana karɓewa a filin jirgi. Ka riƙe tsabar dinari, kati ba zai yi maka amfani a dutse ba.

Nasiru: Yaya, lissafin kuɗin da muka yi alkawari fa?

Habu: Kai, lokaci ya tafi. A taƙaice dai, tsakanin Oktoba da Afrilu ake zuwa, kuma ku haɗu ku huɗu a mota ɗaya ku raba kuɗinta. Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Zainabu: Nasiru ya bar madararsa a gida.

Nasiru: Ba alkawari. Sai an jima.