Kujerar da Ake Jiran Mai Ita: Lacca kan Cin Abinci Tare da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Dattawa

Assalamu alaikum. Iyayena dattawa da ke zaune a gaba, ina gaishe ku, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. 'Yan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Zan fara da wani dattijo da na sani, ba sai na faɗi sunansa ba. Matarsa ta rasu bayan sun haura shekara 40 tare. 'Ya'yansa ba su yi sakaci ba, kullum ana aiko masa da abinci a kan lokaci. Amma duk ranar da na leƙa shi, sai in tarar da kwanon a rufe a gefen gado, ya huce, loma biyu ko uku kawai aka taɓa. Na ce, "Baba, abincin ne bai yi maka ba?" Ya ce, "Ɗana, abinci lafiya lau. Da wa zan ci?" Kafin wata huɗu rigunansa sun yi masa yawa, barci ya ƙaurace masa, ya fara mance sunayen jikoki. Kowa ya ce tsufa ne. Ashe ciwon damuwa ne ya kama shi, kuma yana da magani.

Irinsa suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa da fargaba. Kuma zuwa 2030, mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya zai kasance ya kai wannan shekarun. Abin da ke ɓoye ciwon shi ne dattijo ba kasafai yake cewa raina a ɓace yake ba. Sai dai ya ce jikina ba daɗi, bakina ba ɗanɗano.

Ku lura da maganar bakin nan. Da tsufa ɗanɗano da jin ƙamshi suna raguwa, haƙora su zube, wasu magungunan kuma su kashe sha'awar abinci. In kaɗaici ya hau kan wannan, sai mutum ya rage ci, ƙarfi ya ragu, ya daina fita, rashin fitar ya ƙara masa kaɗaici. Masu bincike kuwa sun daɗe da lura cewa mutum ya fi cin abinci sosai idan yana tare da waɗanda ya saba da su. Wannan ba sai an kai ku ɗakin gwaji ba, kowa ya sani a jikinsa.

A 2010, Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta a Amurka sun tattara bincike 148 da suka shafi mutane sama da 300,000, suka ga masu kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi marasa ita tsawon rai da tazara mai yawa. Birtaniya har minista ta naɗa kan kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Ita kuwa Amurka tun 1972 ta sa ciyar da dattawa cikin dokarta ta kula da tsofaffi, kuma da gangan aka tsara a tara su wuri ɗaya su ci tare.

To, ga abin da ya kawo ni. Ni a ganina babban maganin da ke cikin irin wannan shiri shi ne kujerar. Dattijo ya san ran Talata da Alhamis akwai wurin zamansa, akwai wanda zai ce ina wane. Saboda haka zai tashi ya yi wanka, ya sa tufafi masu kyau, ya taka da ƙafarsa. Ranar da aka ga kujerar babu kowa, wani zai bi sawu kafin dare, tunda zumunci a ƙafa yake. Kuma mai zuba abincin nan, da ke ganin fuskarsa sau biyu a mako, shi zai riga kowa gane cewa Baba ya rame, ko Inna ta daina dariya, ya sanar da iyali a kai su asibiti. Mai zuba abinci ba likita ba ne, kada ya ce zai yi magani, amma idonsa na da amfani matuƙa.

Inda ake ɓata abin shi ne a mai da shi layin karɓar taimako. Mutumin da ya ciyar da gida shekara da shekaru, ka sa shi ya miƙa kwano ana ɗaukarsa hoto? Wallahi ba zai dawo ba, kuma bai yi laifi ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A gayyace su kamar baƙi, a kuma ba su aiki: wannan ta ɗanɗana girki ta faɗi abin da ya rage, wancan ya riƙe littafin sunaye, wani ya tarbi sabon zuwa. Dattijon da na ba ku labarinsa, bayan ya ga likita, aikin littafin aka ba shi, kuma yanzu shi ke riga kowa isowa.

Sai ƙananan abubuwa. A yi abinci mai laushi saboda haƙora, a tambayi mai ciwon sukari da mai hawan jini. A rage hayaniya, domin mai nauyin ji yana iya zama a tsakiyar taro yana kaɗaici, a zaunar da shi kusa da mai haƙurin maimaita magana. Wanda ba ya iya fitowa a kai masa gida, amma mai kaiwa ya zauna ko da minti goma ne, kada ya ajiye a bakin ƙofa ya juya.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, a miƙa mata abin magana.